Kujerar Marnie

Da yammacin wata ranar kaka, bayan an gama tonon dankali a gonakin da suka kewaye garin, Wendell Stroud yana tsugune a ɗan lambunsa yana tsinke ragowar tumatir kafin sanyi ya ƙone su. Garin ƙarami ne, a kudancin Idaho. Sunansa yana bakina ɗazun nan, amma ya kuɓuce mini, kuma ba na jin rashinsa zai rage wa labarin komai. Rana ta riga ta faɗa bayan rumbunan dankali, inuwa ta yi tsawo, tsuntsaye sun yi shiru da wuri. Matarsa Lorna tana soya albasa a kicin, ta tura taga saboda hayaƙi, tana yi masa tsiya ta nan: wai mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta bai taɓa makara ba, yau ga shi ya yi ritaya, tsakanin lambu da tebur ya gagare shi.

"Ina tafe, ranki ya daɗe," in ji shi. "Tumatir ne suka ƙi hawa layi."

Bai rufe baki ba ya ji ƙararrawa. 'Yar siririyar ƙarar nan ce da mota take yi idan mutum ya zauna a kujerar gaba bai ɗaura bel ba. Daga 'yar bas ɗinsa take fitowa, wadda ke tsaye a tsakar gida tun ranar da 'yarsa Corinne da abokanta suka dawo da ita daga yawo. Injin a kashe yake. Makullin kuwa yana rataye a ƙusarsa kusa da ƙofar kicin, Wendell ya gan shi da idonsa da rana.

Yana miƙewa sai wani abu ya bugi rufin gidan, ya gangaro a hankali, ya faɗo kusa da takalminsa. Tsakuwa ce ja. Ya ɗauka, ya ji ta da ɗumi kamar gurasar da aka sauke yanzu. Duwatsun ƙasarsu baƙaƙe ne, na tsohon aman wuta, ko'ina ka tona baƙi za ka samu. Ja sai an yi tafiyar yini zuwa kudu. Wata ta sake faɗowa, sannan wata, ba da ƙarfi ba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin nauyin masu gida.

Ya zagayo sai ya ga Corinne tsaye a jikin motar, ba takalmi, hannunta a kan marikin ƙofar gaba. Ya kira ta bai samu amsa ba. Ya dafa kafaɗarta, ta juyo ta dube shi kamar ta taɓa ganinsa a wani wuri, ta tambaye shi da wata murya ƙasa-ƙasa ko lokacin tashi ya yi.

Su huɗu ne tun suna ƙanana: Corinne, da Marnie, da Delfina, da wani yaro mai surutu, Boyd. Dukansu a bas ɗin Wendell suka girma, kuma dukansu sun haddace dokarsa. In an je yawon makaranta, ba ya tada mota sai ya kira sunan kowane yaro ya ji amsarsa. Ba amsa, ba tashi. Da wannan dokar ya yi aikinsa har ya gama bai taɓa barin ɗan kowa a hanya ba, kuma abin alfaharinsa ke nan a duniya, don shi ba mutumin tafiye-tafiye ba ne. Hanyarsa ɗaya ce, safe da yamma, ta ishe shi.

Yaran kuwa tun suna sakandare suke shirya wata babbar tafiya: su zagaya jihohin maƙwabta, su kwana a tanti a kowane gandun daji na ƙasa, su manna sitikar kowanne a gilashin baya. Marnie ce uwar shirin. Ita ke karanta taswira, kuma kujerar gaba tata ce ba gardama, saboda in ta zauna a baya amai take yi. Sai sankara ta kama ta, ta tafi da ita kafin ƙanƙara ta narke. Sauran ukun suka ce ba za a fasa ba. Ranar tashinsu suka ajiye hularta ruwan ɗorawa a kujerar gaba, suka ɗaura mata bel. Wendell ya ɗaga musu hannu yana dariya, da suka sha kwana ya shiga gareji ya daɗe bai fito ba.

Daga wannan yammacin gidan bai sake zama daidai ba. Da rana ba a ganin komai. Corinne takan tafi aikinta a asibitin dabbobi, ta dawo a gajiye. Amma da zarar hasken ya fara ja, sai ƙararrawa ta soma, tsakuwa ta biyo baya. Wendell ya cire batirin motar ya kai shi gareji, ƙarar ba ta fasa ba. Ya kira bakanike, wani tsohon ɗan bas ɗinsa, ya duba wayoyi ya ce lafiyarsu ƙalau, ya ƙi tsayawa shan kofi. Lorna takan share jan yashi daga gadon 'yarta da safe, ta same shi a cikin takalma, a cikin gwangwanin sukari. Wani lokaci suna cin abinci sai su ji ana kiran sunaye a falo, a jere, da irin tsayawar da Wendell yake yi tsakanin suna da suna don a amsa. Lorna ta daina tsiya. Wannan ya fi tsakuwar tsorata shi.

Corinne ta bar cin abinci sai ruwa, ta bar barci. Aka sallame ta daga aiki bayan karnukan da ke jinya sun ƙi yarda ta matso kusa da su. Likitocin babban birni suka ɗauki hoton kanta, suka ba ta ƙwayoyi masu launi-launi, suka ce baƙin cikin rashin ƙawa ne, a ba ta lokaci. Lokacin kuwa cin ta yake yi. Wuyan hannunta ya koma kamar na yarinyar firamare, leɓenta ya tsattsage kamar ta kwana a hamada.

A hanyar dawowa daga wurin likitocin ne Wendell ya lura da wani abu. Motar Lorna ta ƙi tashi ranar, sai ya mayar da batiri ya ɗauke su a 'yar bas. Corinne ta ƙi kujerar gaba, ta kwanta a baya. Suna hawa babbar hanya sai barci ya ɗauke ta, barci na gaske, har da ɗan minshari irin na lokacin da take jaririya, sa'ad da yakan zagaya unguwa da ita a mota don ta yi shiru. In ya tsaya a danja sai ta fara nishi, in ya ja sai ta lafa. Daga ranar ya riƙa fita da ita kowace yamma. Ya zagaya gonakin dankali, ya bi bakin kogi, ya dawo. Kwanaki kaɗan abin ya yi aiki. Sannan wata yamma, suna kan hanyar da suka bi jiya da shekaranjiya, muryar nan ta fito daga kujerar baya, a bushe, kamar ana jan dutse a kan dutse.

"Mun ga nan."

Washegari Wendell ya je gidan su Delfina. Boyd ya riga ya koma wani gari can bakin teku, ba ya ɗaga waya. Delfina tana da ciki, ta zauna a bakin baranda tana murza yatsunta, ta ba shi labarin da ta ƙi ba kowa. Ta ce duk inda suka tsaya sukan ɗauki hular su kai ta bakin kallo, su nuna mata wurin. In za su tashi sai Corinne ta tada mota, ta zagayo ta buɗe ƙofar gaba, ta kira Marnie ta shigo, sannan a ajiye hula a ɗaura bel. Wasa ne rabi, rabi kuma kuka. A wani gandu na jan dutse, a bakin wani kwazazzabo da ba sa ganin ƙasansa, magariba ta same su su kaɗai. Corinne ta buɗe ƙofa ta kira. Sai ta ƙara da abin da ba ta taɓa faɗa ba, tana kwaikwayon muryar ubanta: ba amsa, ba tashi. Ta sake kira, ta sake. Daga cikin kwazazzabon aka amsa. Suka ce amsa-kuwwa ce, ko da yake ba abin da ta faɗa ba ne ya dawo. Hular tana hannun Delfina ba a kai ga ajiye ta ba, ƙararrawar kujera ta fara kuka. Boyd ya ce lallai Marnie ta yi ƙiba a lahira, suka yi dariya har da hawaye, suka ɗaura bel, ƙarar ta tsaya.

"Baba Wendell, daɗi muka ji," in ji Delfina. "Wallahi daɗi muka ji. Har waƙa muka yi ta yi mata a hanya."

Kakar Delfina, wadda take jin su ta bayan labule, ita ta ambaci Fada Arrieta. Su Stroud ba 'yan cocinsa ba ne, amma kowa a yankin ya san shi. Ya zo ƙasar yana saurayi daga duwatsun Basque, can ƙetaren teku, ya yi shekaru yana kiwon tumaki shi kaɗai da kare a tsaunukan da ba a jin muryar mutum, sannan ya shiga karatu ya nutse a cikinsa. Ɗakinsa cike yake da littattafai a harsunan da ba mai karanta su a garin sai shi. Lokacin ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Ya saurari Wendell har ƙarshe, ya tambaye shi abu biyu: ko da bakinta Corinne ta kira, kuma ko ita ta buɗe ƙofar. Da aka ce masa e, sai ya gyara zama. Ya ce a zamanin kiwonsa ko karensa ba ya kira da suna bayan rana ta faɗi, fito yake yi masa.

Ya zo gidan da la'asar sakaliya, da gishiri a ƙullin takarda, da kwalbar ruwa, da wani littafi da bangonsa ya ɓare. Ya sa aka zaunar da Corinne a falo, aka buɗe ƙofar waje yadda ana hangen motar. Lorna ta riƙe hannun 'yarta. Delfina ta tsaya a bakin kicin. Wendell ya rasa inda zai sa kansa, ya jingina da bango kusa da ƙusar makulli.

Fada ya yi ta addu'a a hankali har hasken taga ya koma ja. Ƙararrawa ta soma. Tsakuwa ta sauko a kan rufi, yau ba da ladabi ba, kamar ƙanƙarar da ke kashe amfanin gona. Sannan komai ya ɗauke lokaci guda. Corinne ta ɗaga kai, ta zauna a miƙe, ta ɗora tafukanta a kan gwiwoyi kamar fasinja.

"Wane ne kai," in ji Fada, "kuma wa ya ba ka izinin shiga gidan mutane?"

"Kirana aka yi, makiyayi."

"Ba kai aka kira ba. Marnie aka kira."

"To ina Marnie? Sun kira ta a bakin tafki, sun kira ta a gindin manyan itatuwa, ta amsa? Aka ce ba amsa, ba tashi. Na ji tausayinsu, na amsa."

Fada ya tambayi sunansa. Aljanin ya ce waɗanda suka san sunansa sun ƙare tun kafin a kawo tunkiya ta farko ƙasar. Ya ce yana zaune a bakin kwazazzabon nan tun kogin yana gudana a sama, bai taɓa sanin akwai wani abu a bayan tsaunin da ke gabansa ba. Ya ga masu ƙafa, ya ga masu dawaki, ya ga masu motoci suna zuwa su tsaya su ɗauki hoto su tafi, ba wanda ya taɓa waiwayowa. Sai ran nan aka buɗe masa ƙofa, aka ba shi kujera mafi kyau, aka ɗaure shi don kada ya ji ciwo, aka yi masa waƙa. Ya ga dusar ƙanƙara a kan tsauni, ya ga ruwan zafi yana tsartuwa daga ƙasa, ya ga gada. Sannan aka kawo shi wannan tsakar gida aka kashe inji, kowa ya shige ɗaki, ba wanda ya ce masa ko sauka.

Fada ya ce za a mayar da shi gida, har bakin dutsensa, da girmamawa. Bakin Corinne ya yi wani abu mai kama da murmushi.

"Kai da ka baro duwatsun ubanka, ka koma?"

Fada ya buɗe littafinsa ya ci gaba da karatu da ƙarfi, ya yayyafa ruwa. Jikin Corinne ya sandare, numfashinta ya riƙa fita da ƙara, jan yashi yana zubowa daga gashinta a kan kafet, wani siririn jini ya biyo hancinta. Lorna tana kiran sunanta ƙasa-ƙasa. Wendell ya ga idon 'yarsa yana juyewa. Fada ya rufe littafin da kansa. Ya juyo ya gaya musu a fili cewa zai iya fitar da shi da ƙarfi, amma ya daɗe a cikinta, ya kama wurare da yawa, zai fita da abin da ya riƙe. Ya ce ya taɓa yin haka ga wani makiyayi, aljanin ya fita, mutumin ya rayu shekaru masu yawa bai sake furta kalma ba, bai kuma gane matarsa ba.

Sai aka koma ciniki. Aljanin ya ce shi ba yarinyar yake so ba, matsattsiya ce, ga baƙin ciki cike da ita. Kujerarsa yake so, da hanya. Fada ya nemi a yanka wa'adi, shekara guda. Aljanin ya ce bai san shekara ba. Fada ya nemi a huta da hunturu, aljanin ya ƙi. Abin da tsohon ya iya ƙwatowa shi ne dare da safiya: direba ya kwana, ya ci, ya huta, amma kowace magariba ta same su suna tafiya, kuma kada ta same su sau biyu a jere a hanya ɗaya. Aljanin ya ƙara nasa sharaɗin, wanda ya ce ba shi ya ƙirƙira ba, haka abin yake. Wanda ya buɗe masa ƙofa ya kira shi, inda ƙafar mutumin ta taka, ta aljanin ma ta taka. In suka kusanci yarinyar zai koma cikinta, ko yana so ko ba ya so, don muryarta ce ta fara ɗauko shi. In kuma ta sake kiransa, ko daga ina, zai zo.

"To wa zai tuƙa?" in ji muryar.

Delfina ta dafe cikinta ta sunkuyar da kai, kuma ba wanda ya ga laifinta. Lorna ba ta iya tuƙin babbar hanya, kowa ya sani. Wendell ya dubi lambunsa ta taga, inda ya riga ya gyara kunyoyin baɗi. Ya miƙa hannu ya zare makullin daga ƙusa.

"Tsoho," in ji Lorna. "Kai da ko gidan ƙanwata sai na ja ka."

"Ai shi ya sa hanyoyin duk sababbi ne a wurina," in ji shi. "Za su daɗe ba su ƙare ba."

Kafin ya fita Fada ya riƙe hannun rigarsa, ya haɗa su ukun ya gargaɗe su. Ya ce yarinyar za ta farka ba ta tuna komai ba, kuma haka za a bar ta. Ya san irinta: ranar da ta gane abin da ubanta ya ɗauka dominta, a ranar za ta fita tsakar gida ta kira abin ya dawo. Lorna ta tambaya to me za a ce mata. Fada ya ce a ce mata abin da za ta yarda da shi.

Wendell ya tada injin, ya zagayo ya buɗe ƙofar gaba. Hular tana nan a kan kujera, ya ɗauke ta ya miƙa wa Delfina, ya ce ta kai wa uwar Marnie. Ya tsaya ya rasa sunan da zai kira. Daga ƙarshe ya ce, da muryar aikinsa, wanda ya rage a waje ya shigo, za a tashi. A falo Corinne ta yi ajiyar zuciya ta sulale a jikin uwarta. Kujerar gaba ta ɗan lotsa, ƙararrawa ta soma. Ya sunkuya ya ja bel ya ɗaura, ya ji ɗumi a fuskarsa kamar ya leƙa tanda. Lorna ta fito da gudu da jakar kayansa, da ragowar naman rana a kwano, da tumatir a leda. Ta gyara masa wuyan riga. Ya ja mota ya fita, bai ga farkawar 'yarsa ba.

Ta farka da yunwa, in ji Lorna, ta cinye ƙwai da burodi ta nemi ƙari. Cikin 'yan makonni kumatunta suka dawo, aka mayar da ita aiki, karnukan asibiti suka koma lasar hannunta. Aka ce mata ta yi zazzaɓi mai tsanani, aka ce mata ubanta, da ya ga hotunan tafiyarsu, sha'awar yawo ta kama shi a tsufansa. Da farko abin dariya ya ba ta. Da hunturu ya zo ya wuce bai dawo ba, ta daina dariya.

Sau ɗaya ya gwada. Ina jin lokacin bikin aurenta ne, ko kuwa Kirsimetin da ya biyo baya, abubuwan sun cakuɗe mini. Ya ajiye motar a wani gari mai nisa da sassafe, ya hau bas ɗin haya, da niyyar ya gan ta ko daga tsallaken titi ne, ya koma kafin yamma. Ya fara hango tankin ruwan garinsu ke nan wayarsa ta yi ƙara. Lorna ce, tana magana a hankali kamar mai tsoron a ji ta. Ta ce Corinne ta ajiye cokali ta fita tsakar gida ba takalmi, kuma akwai yashi a kan tebur. Ya roƙi direban ya tsaya, ya sauka a tsakiyar gonaki, ya tsallaka titi ya tsaya jiran motar da za ta mayar da shi.

Tun daga nan yake tafe. Gilashin bayan motar ya cika da sitika har ba a gani ta cikinsa, don ya lura abokin tafiyarsa yana lafawa in an manna sabuwa. Lorna takan hau jirgin ƙasa ta same shi a wani gari sau ɗaya ko biyu a shekara, ta zauna a kujerar baya tana yi masa tsiyar tuƙi, ta koma. Fada Arrieta ya rasu. Wendell ba ya ɗaukar masu neman a rage musu hanya, ko ana ruwa, don ya san abin da zai iya fitowa daga bakinsa wata ranar gajiya, ya ce wa ɗayansu ya buɗe ƙofar gaba ya kira, ya kuma san cewa kowane ɗayansu ɗan wani ne. Yanar ido ta taso masa a ido ɗaya, ta fara taɓa ɗayan. Da magariba fitilun motoci sukan narke masa su zama ruwa. A irin wannan lokacin, in ya fara karkata, sai ya ji 'yar tsakuwa ta ƙwanƙwasa gilashi ta gefen da ya kauce, ya gyara sitiyari. Yakan ce na gode. Takardar lasinsa kuma tana da ranar ƙarewa, kuma ba a sabunta ta sai an duba ido. Ya bar lissafa abin da zai biyo bayan wannan.

In zai kira gida yakan yi da rana, ya yi nisa da motar, ya juya mata baya. Wata yamma a wani gidan mai a tsakiyar fili, iska tana kaɗa ciyawa har iyakar gani, Corinne ce ta ɗauka. Ya ji kukan jariri a bayanta. Ta ce ranar Lahadi za a yi wa yaron baftisma, kuma sunansa aka sa masa, ko da yake ita ba ta so ba, Mama ce ta nace.

"Baba, duk taswirorin nan naka, babu wadda ke da hanyar gida?"

Ya dubi motar can a gindin famfon mai, rana tana sauka a kan gilashinta.

"Saura yaro ɗaya ban sauke ba, 'yar Baba."

"Wannan wasan ya tsufa," in ji ta. Ta ɗan jira ko zai ƙara wani abu. Sannan ta kashe.

Ya tsaya da wayar a kunnensa har ya tabbata ba kowa. Hasken ya fara ja. Daga can ya ji 'yar ƙararrawar ta soma, ba gaggawa, kamar mai tuna wa mutum abin da ya riga ya sani. Ya sa wayar a aljihu, ya taka a hankali yana laluben gefen titi da ƙafarsa, ya buɗe ƙofar gaba, ya sunkuya ya ɗaura bel.